Ɗari Daban, Sanyi Daban: Amsa Ga Amaryar Da Za Ta Tare A Gilasgo

Assalamu alaikum, Anti. Ni amarya ce daga Birnin Kebbi, wata huɗu ke nan da ɗaura mini aure. Maigidana yana karatun digirin digirgir a Gilasgo, takarduna sun fito, zan bi shi a farkon Nuwamba. Tun ina yarinya hunturu ba ya raga mini: ƙafata takan yi faso har ta yi jini, leɓena ya tsage, jikina ya yi furu-furu ko da na shafa mai. To, idan na gida ya yi mini haka, ina ga na Turai? Inna da gwaggonnina sun cika mini akwati uku da atamfofi da lesunan lefe, da barguna biyu, da manyan rigunan sanyi na gwanjo, da man shanu da turaren wuta, shi kuwa maigidan cewa yake kada in kwaso komai. Akwai kuma wani man haɗi da mai gyaran jiki ta ba ni lokacin biki, wanda har yau nake shafawa. Ba na so in bar shigar mutunci, ba na kuma so in koma kamar buhun shinkafa a titi. Me zan ɗauka, me zan bari, kuma yaya zan yi da fatata?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a wannan aure, ya kai ki ɗakinki lafiya. Kin yi daidai da kika yi tambaya tun akwai sauran makonni, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kakanninmu ba su haɗa ɗari da sanyi a kalma ɗaya ba, mu na yanzu ne muka cakuɗa su. Ɗari shi ne na hunturu, busasshe, mai tahowa da buji daga hamada, wanda ke tsotse ruwan jiki ya bar fata kamar bayan fadama a watan Maris. Sanyi kuwa na damina ne, mai tafe da laima, irin wanda kike ji idan ruwan Agusta ya kwana biyu yana zuba, tabarma ta yi danshi, gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Duk dabarar da Inna da gwaggonninki suka sani dabarar ɗari ce, kuma dabara ce mai kyau a inda aka yi ta. Abin da ke jiranki a Gilasgo na biyun ne, sai dai ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba, kuma yana ɗaukar kusan rabin shekara. Birnin yana yammacin Sikotilan ta ƙasar Birtaniya, a bakin kogin Kilaid, inda iskar Tekun Atilantika ke fara sauke ruwanta. A watan Janairu ma'aunin zafi yakan yi yawo tsakanin digiri 1 da 7, dusar ƙanƙara ba ta cika daɗewa a ƙasa ba, amma ana ruwa a kusan rabin kwanakin shekara, galibi yayyafi mai naci wanda iska ke kaɗo miki ta gefe. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, duk da wannan laimar, fatarki za ta bushe. Dalili kuwa, iska mai sanyi ruwa kaɗan take iya riƙewa, to idan ta shigo ɗaki aka ɗumama ta da hita, sai ta koma mai ƙishirwa, ta riƙa jan ruwa daga duk abin da ta samu, har da fuskarki da tafin hannunki. Ke nan za ki zauna ne tsakanin damina a waje da hunturu a cikin ɗaki, kina shiga wannan kina fita wancan sau da yawa a yini. Aikinki biyu ne masu kama da kishiyoyi: ki hana ruwa shiga tufafinki, ki kuma hana shi fita daga fatarki.

Na yi lokacin sanyi uku a wannan birnin sa'ad da na bi nawa maigidan, kuma ba na manta fitata ta farko ni kaɗai. Na sa riga da zani na atamfa, na ɗora wata ƙatuwar suwaitar auduga da na saya a gwanjo kafin in taso, na zumbula hijabi har ƙasa, na sa safar auduga da takalmi sau-ciki, ina ganin na gama shiri. Ruwan da ake yi a ranar bai kai a kira shi ruwa ba a wurinmu, feshi ne kawai. Na tsaya jiran bas kamar minti ashirin, ina dubawa sai na ga bakin hijabina ya taɓa ƙasa ya sha ruwa yana hawa sama har gwiwa, kamar lagwanin fitila yana shan kananzir. Lemar da na riƙe iska ta juye ta, ƙarafunanta suka karye. Kafin in koma gida haƙorana suna haɗuwa, ga wata tsohuwa Baturiya a gefena da 'yar kwat wadda ba ta kai rabin kaurin kayana ba, tana tsaye abinta hankali kwance.

Laifin na auduga ne. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ko na sama ne ko na gumi, ruwa kuwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke janyewa. Wannan halin ne ya sa atamfa da shadda suke mana daɗi a watan Afrilu idan zafin Kebbi ya haura digiri 40, shi ne kuma yake mai da su abokan gaba a can. Ulu kuwa yana iya shan laima mai yawa bai daina ɗumama mutum ba, yadin roba irin foliyesta shi kuma ba ya riƙe ruwan ma balle ya dame ki. Saboda haka duk rigar sanyin da za ki saya, ki juya cikinta ki karanta 'yar takardar da aka ɗinka a gefe. Idan kika ga auduga zalla ce, ki ajiye ta komai kaurinta. Ina kyautata zaton yawancin waɗanda gwaggonninki suka saya za su faɗi wannan jarrabawar.

Ɗumi ba daga kaurin tufa yake zuwa ba, daga iskar da ta maƙale tsakanin tufa da tufa yake zuwa, shi ya sa sirara uku suka fi ƙatuwa ɗaya. Wadda ke manne da jiki ita ce riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na foliyesta ko na ulun tumakin merino, waɗanda ba su fi singileti kauri ba kuma ba mai ganin su. Ki mallaki aƙalla uku-uku domin wanki ba ya bushewa da wuri. A kansu sai kayanki na yau da kullum da suwaitar ulu. A waje kuma sai kwat, kuma a nan ne kaɗai nake so ku buɗe bakin aljihu. Ki nemi mai hana ruwa da iska, mai hula a haɗe, wadda ta sauko ƙasa da gwiwa. Ki lura da cewa akwai wadda aka yi don jure yayyafi kawai, akwai kuma wadda ruwa ba ya ratsa ta sam har ta wurin ɗinki, kuma ta biyun ce taki. Waɗannan masu kumburi da ake cusa wa gashin agwagwa suna da ɗumi ƙwarai a garin da sanyinsa busasshe ne, amma da zarar gashin ya jiƙe ya dunƙule sun tashi daga aiki, sai fa idan bayansu na hana ruwa ne. Amfanin wannan tsari na hawa-hawa za ki gan shi idan kika shiga bas ko kanti ko masallaci, inda ɗumi zai sa ki fara gumi. Sai ki zuge zif ko ki cire ɗaya, domin gumin da ya jiƙa rigar ciki shi ne zai zame miki ƙanƙara idan kin sake fita.

Batun shigar mutunci kuwa, ki kwantar da hankalinki, domin ban taɓa zama inda sutura ta fi sauƙi kamar garin sanyi ba. Kowa a rufe yake daga wuya har ƙafa, mata da yawa da ba Musulmi ba ma sun naɗe kai da wuya, kuma doguwar kwat mai faɗi tana yin aikin abaya daidai. Abin da za ki sauya shi ne tsawo. Duk abin da zai share ƙasa ki bar shi, siket ko abaya su tsaya a idon sawu, takalmi ya rufe sauran. Hijabi ya zama wanda ya tsaya a ƙirji ko ƙugu, na yadi mai ɗan nauyi mai miƙewa, ki cusa bakinsa cikin kwat, domin gyale mai shara-shara iskar can za ta mai da shi tuta. Dogon hijabinki ki naɗe shi a jaka saboda salla. Zama buhun shinkafa da kike tsoro yana faruwa ne idan aka jibga masu kauri a kan masu kauri. Idan na ciki sirara ne, kwat ɗin kuma daidai kafaɗarki take, za ki fito tsaf. Kwalliyarki sai ta koma kan mayafi da safar hannu da jaka, kuma ina ba ki shawara ki zaɓi masu haske, ruwan goro ko ruwan ƙwai ko shuɗi mai haske, ba don ado kaɗai ba. Mace cikin baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, tana tsallaka titi da ƙarfe biyar cikin duhu da ruwa, direba ba ya ganin ta sai ya zo dab.

Ban ce ki rabu da atamfa ba. Ki zaɓi biyar ko shida waɗanda kika fi so, ki kai wa telanki tun yanzu ya ɗinka miki dogayen riguna, ki ce masa ya saki hannu da ƙirji kaɗan yadda rigar ciki za ta shiga, ya kuma rage tsawon. Ɗinki a can yana da tsadar da za ta sa ki yi kewar telan unguwarku har da saɓa alkawarinsa. Ranar Juma'a ko ranar Salla, idan kika je babban masallacin birnin da ke kusa da kogi, wanda aka buɗe a 1984, kika cire kwat atamfarki ta bayyana, za ki ga yadda matan Pakistan da Larabawa za su riƙa tambayarki inda kika samo ta.

Takalmi shi ne na biyu a muhimmanci bayan kwat. Ki nemi mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai ƙasan roba mai gurza-gurza, domin da asuba raɓa takan daskare a gefen titi ta zama santsin da ido ba ya gani. Ki ƙara lamba ɗaya a kan wadda kika saba saboda safar ulu ta samu wuri, don takalmin da ya matse yana hana jini gudu, ƙafar da jini bai isa ba kuwa ba safar da za ta ɗumama ta. Duk waɗannan a can za ki saye su, a nan maigidanki yana da gaskiya. Su ma suna da gwanjonsu, shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, inda ake samun suwaitar ulu ta gaske da araha, kuma manyan kantuna suna karya farashi daga 26 ga Disamba.

Yanzu fata, kuma zan fara da tambayar da ke cikin wasiƙarki wadda ba ki lura kin yi ba: me ya sa jikinki ke yin furu-furu ko da kin shafa mai? Saboda mai ba ya ba fata ruwa, rufe wanda ke ciki kawai yake yi, kamar murfi a bakin tulu. Idan kika tsane jiki ƙarƙaf, kika zauna kika yi hira, sannan kika shafa basilin, kin rufe tulun da ba kome a cikinsa. Lokacin shafa mai shi ne cikin 'yan mintocin farko bayan wanka, kin ɗan dangwala tawul, jiki da sauran laima. Ki fara da man shafawa mai kauri marar ƙamshi wanda ke da gilisarin, domin shi gilisarin janyo ruwa yake yi ya riƙe, sannan ki bi wuraren da suka fi bushewa, wato ƙwauri da gwiwa da gwiwar hannu da bayan hannu, da man kaɗe ko basilin. Wannan ki fara shi tun gobe, kada ki jira sai kin sauka.

Man kaɗe na cikin abin da maigidan bai yi tunaninsa ba da ya ce kada ki kwaso komai, maza ba su cika tuna irin wannan ba. Ki sa a samo miki mai kyau, wanda ba a gauraya ba, irin wanda ake kawowa daga wajen Zuru da Yawuri, domin abin da za ki saya da 'yan kuɗi kaɗan a kasuwar Birnin Kebbi a can cikin 'yar kwalba ake sayar da shi da tsada. Ki sa shi a akwatin da za a auna, ba a jakar hannu ba. Zai daskare a ɗaki ya yi tauri kamar sabulu, sai ki ɗebo kaɗan ki murza a tafin hannu har ya narke. A fuska dai ki yi a hankali, don wasu yana fito musu da ƙuraje, mai marar nauyi ya wadatar a nan.

Jarabawar da ta fi kowace girma ita ce ruwan zafi. Za ki shigo a daskare, ga famfo yana zubo ruwa mai tururi ba tare da kin hura wuta ba, sai ki ji kamar ki kwana a ƙarƙashinsa. Ruwa mai zafi sosai yana wanke maiƙon da fata ke kare kanta da shi, kamar yadda yake wanke maiƙon miya a kwano, kuma ƙaiƙayin da zai hana ki barci daga nan yake farawa. Ki yi wanka da mai ɗumi-ɗumi, kada ki wuce minti goma. Soso mai kaushi da sabulun salo, waɗanda suke mana amfani a nan saboda gumi da ƙura, ki rage su zuwa sau ɗaya a mako ko ki ajiye su har bazara, ki nemi abin wanka mai laushi marar ƙamshi, ki kuma taƙaita kumfa a hammata da matsematsi da ƙafa. Wani abin daɗi shi ne ruwan Gilasgo mai laushi ne, daga wani tafki da ke cikin tsaunuka mai suna Lok Katirin ake janyo shi tun 1859, ba irin na Landan mai alli ba wanda ke ƙara busar da fata. Sabulu kaɗan zai yi miki kumfa mai yawa.

Fasonki yana da magani, kuma sunan maganin zai ba ki dariya: yuriya, sunan nan da manoman shinkafarmu suka sani a buhun taki. Kada dai ki je ki ɗebo na buhu. Akwai man ƙafa da ake haɗawa da ita a tace, ana sayar da shi a kantin magani ba sai da takardar likita ba, yana tausasa kaushi ya riƙe ruwa, kuma mai kashi 10 cikin ɗari ya isa farawa. Da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ki goga dutse sama-sama, ki shafa shi, ki bi da basilin, ki sa safa ki kwanta, kuma a nan safar auduga ba ta da laifi. Inda ya riga ya tsage yana jini basilin kaɗai za ki sa har ya haɗe, don yuriya tana yi wa rauni raɗaɗi. Reza kuwa kada ta kusanci diddigenki. Leɓe ki daina lasar sa, miyau yana bushewa ya tafi da ɗan ruwan da ya rage, ki riƙa ɗan shafa basilin kafin ki fita da kuma lokacin barci, ki guji masu yaji-yajin man zafi.

Alwala sau biyar da wanke-wanke su ne ke cinye hannu. Ki yi da ruwan ɗumi, ki tsane tsakanin yatsun ƙafa sosai kafin ki mayar da safa, ki ajiye man hannu a bakin famfo yadda ba za ki manta ba, ki sa safar roba wajen wanke kwanoni. A tsakiyar sanyi Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin abin da bai kai awa huɗu ba, don haka sau da yawa alwala ɗaya za ta kai ki. Babin shafa a kan huffi da muka karanta a Islamiyya muna ganin kamar ba namu ba ne, a can za ki gane darajarsa. Ki zauna da malaminku kafin ki tafi ya warware miki sharuɗɗansa, da abin da malamai suka ce game da safar da ba ta fata ba.

Idan kika shigo ƙafa a sandare, kada ki manna ta a jikin hita ko ki tsoma ta a ruwan zafi. Ɗumama yatsu da gaggawa bayan sun yi sanyi yana jawo wani kumburi mai ƙaiƙayi da zugi wanda kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Ki cire jiƙaƙƙiyar safa, ki sa busasshiya, ki yi ta kai-kawo a ɗaki. Haka kuma yawan zama dab da hita ko rungumar robar ruwan zafi a wuri ɗaya yana bar wa fata baƙin zane raga-raga, irin wanda kike gani a ƙwaurin tsofaffinmu masu kwana da kasko. Fatarmu tana riƙe tabo, susa kaɗan sai ta bar baƙi na watanni. Ki yi rajista da likitan unguwa a makonki na farko, kuma idan ƙaiƙayi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ki je, ki faɗa masa da baki inda ke miki zafi, domin jan da suke dubawa a farar fata ba ya fitowa haka a tamu. A Sikotilan maganin da likita ya rubuta kyauta ake ba da shi tun 2011.

Man haɗin nan ne abin da ya fi damuna a duk wasiƙarki. Ban ga kwalbar ba, amma man da ba shi da suna, ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kuma ya haskaka amarya cikin makonni, sau da yawa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, ko sinadarin bilicin mai suna haidirokwinon, wani lokaci har da zaiba. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage a cinya da damtse, rauni ya ƙi warkewa. Ki ɗauki irin wannan fatar ki kai ta inda iska ke yanka kamar wuƙa, kin ga kin tura ta yaƙi ba garkuwa. Zaiba kuma tana cutar da ƙoda, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki, ke kuwa amarya ce, ba sai na ƙarasa ba. Tun da kin yi wata huɗu kina shafawa, yankewa rana ɗaya na iya sa fuska ta yi bore da ƙuna da ƙuraje, don haka ki ɗauki kwalbar ki je asibiti a makon nan, ko Sir Yahaya ko wani inda za ki ga likita, ya tsara miki yadda za ki janye kafin tafiya. Kada ki sa shi a akwati, an ma haramta irin waɗannan sinadarai a kayan kwalliya a Birtaniya.

Za ki ji ƙawaye suna cewa ai Turai da kanta za ta wanke ki ki yi fari. Ɗan hasken da ake yi a can na rashin rana ne, kuma yana da farashi. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar ba ta da ƙarfin da fata za ta sarrafa bitamin D da ita, shi ya sa hukumar lafiyarsu, NHS, take shawartar kowa ya sha maikirogiram 10 a kullum a waɗannan watanni, masu duhun fata da masu rufe yawancin jiki kuma su sha duk shekara. Ke kin haɗa biyun. Ƙarancinsa yana kawo ciwon ƙashi da kasala, irin abin da a gida za a ce sanyi ne ya shige ki a yi ta dafa miki saiwa. Ƙwayar tana da araha a kowane babban kanti.

Gashi ba zan daɗe a kansa ba. Ki yi kitso mai ɗorewa marar tsauri kafin ki taso, kada ki taɓa ɗaura kallabi a kan jiƙaƙƙen kai, ki kuma sa hula mai santsi a ƙarƙashin ta ulu don ulu yana tsinka gashin goshi.

Turaren wuta ki tafi da shi, amma kasko da gawayi su zauna a Kebbi. Ɗakunan can a toshe suke ruf, ba kamar namu masu shan iska ta ko'ina ba, gawayi kuwa yana fitar da wata guba marar launi marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci. Ko ba wannan ba, tun Fabrairun 2022 doka ta wajabta wa kowane gida a Sikotilan na'urorin jin hayaƙi masu haɗe da juna, ɗaya ta yi kuka duk su ɗauka. Ni tun kafin wannan dokar na sha kunya, ranar da na turara ɗaki don tarbar baƙi, ƙara ta cika bene, maƙwabcinmu ya fito da gajeren wando yana buga ƙofa yana tambaya ko gobara ce. Ki sayi abin turare na lantarki, ki sa kaɗan, ki buɗe taga. Ki kuma sani cewa zanen da ya sha basilin ko wani man shafawa yana kama wuta da sauri ko bayan an wanke shi, don haka tsugunawa a kan turare da zanen kwana, ko miƙa hannun riga a kan murhun gas, abu ne da za ki kiyaye. Humra ki shafa ta a tufafi maimakon fatar da ta tsage.

Lefenki kuma, don Allah ki bar mafi yawansa a ɗakin Inna. Yawancin gidajen da ɗalibai ke haya a birnin tsofaffin benaye ne na dutse masu dogon rufi, masu wuyar ɗumamawa, kuma ɗakin da iskarsa ta bushe kusa da hita yana iya zama da bango mai sanyi mai gumi a bayan kabad. Na jingina akwatina da irin wannan bangon na manta da shi, da na buɗe a watan Maris sai na tarar da leshin da na fi ji da shi ya yi fumfuna ɗigo-ɗigo baƙi, wanki uku bai fitar da warin ba. Ki bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da bangon waje, ki buɗe taga minti goma kowace safiya komai sanyi, ki goge ruwan da ke kwanciya a gilashi, ki riƙe ɗakin zama a kan digiri 18 ko sama. Shanya a kan hita ita ce babbar mai jawo wannan matsala, domin duk ruwan da ya bar wanki bango yake komawa. Idan da hali ku sayi na'urar tsotse danshi, ita ce igiyar shanyarku.

Kada ki ce wa Inna kayanta ba su da amfani, domin ba barguna ta zuba a akwatin nan ba, fargabar rabuwa da ke ce ta zuba. Ki ɗora laifin a kan ma'auni, tun da akwati ɗaya kilo 23 yawancin jirage suke yarda da shi, ki ce kin bar mata ajiya har ki zo ganin gida. Bargo ɗaya marar nauyi ki ɗauka saboda ranta ya yi sanyi. Man shanu kuwa dole ya zauna, shi da kilishi, don dokar Birtaniya ta hana matafiyi shiga da nama ko abin da aka yi da madara daga Najeriya, kuma za a iya ƙwace su a filin jirgi. Gurbinsu ki cika shi da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji.

Ranar tafiya za ki bar Abuja cikin zafi, don haka ki sa doguwar riga mai sauƙi da takalmi rufaffe, ki zuba suwaita ɗaya da safa biyu da wandon ciki da ɗan ƙaramin basilin a jakar hannu, ki shiga bayi ki ƙara su a filin jirgin da za ki sauya. Ki aika wa maigidan awon kafaɗarki da tsawonki da lambar takalminki tun yau, ki ce masa ya zo tarbarki da kwat ɗin a hannunsa, ba ya bar ta a gida ya ce ai mota na kusa ba.